Minjirya da Wutar da Ke Cikin Kanka

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Zuwa ga autana Haliru. Gaisuwa mai yawa, tare da fatan ka sauka Zariya lafiya, ka ishe masauki da mutanen kirki. Allah ya sa ƙafarka ta shiga garin da alheri, ya tsare ka zaune da tsaye, a farke da cikin barci. Mu nan Diggi lafiya lau. Innarka tana gaishe ka. Ba zan cika ka da labarin gida ba, gida yana nan yadda ka bar shi.

Ka san ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba gulbi ya ɗauke ni. Hannun da kake gani na Baffanka Ladan ne, taubashina. Ban zaɓe shi don ya fi kowa hankali ba, sai don tun da ya aje aikin hedimasta ba shi da abin yi sai zaman gindin dogonyaro yana gyara wa mutane magana. Na ce ya rubuta yadda na faɗa. In ka ga maganata ta koma ta Kanawa, laifinsa ne. Za ka ce ga waya, me ya kawo takarda? A waya kana tare ni da "To Baba, na ji Baba," ni kuwa na san ba ka ji ba. Takarda ba ta katse mutum.

A tashar Kalgo, ana ɗaure kayanka bisa mota, ka matso kusa da ni ka faɗi magana biyu. Ka ce, "Baba, can babu wanda ya san ni. Zan shiga kamar kowa, ba wanda zan gaya wa ina da farfaɗiya." Ka kuma ce, "Maganin nan yana sa ni barci, karatun likita kuwa ba ya son mai barci. Na daɗe ban faɗi ba, zan riƙa ragewa." Na yi shiru, ka ɗauka na yarda. Ban yarda ba. Shirun da na yi, na mutumin da ya ji maganarsa ta fito daga bakin wani ne, don maganar farko ni na koya maka ita. Tun daga ranar abinci ba ya yi mani daɗi.

Yau ne karon farko da na kira sunan ciwon nan a gaban wanda ba ɗan cikin gidana ba. Ladan ko ɗaga kai bai yi ba. Da ma na san kunnensa ya fara tafiya.

Bari in ba ka labarin wana Garba. Ka san sunansa, ka san ya mutu a ruwa, ba ka san sauran ba. Yanzu duk duniya ni kaɗai na rage da ya san sauran, in na tafi da shi ya tafi ke nan.

Garba ya fi ni komai. Ya fi ni tsawo, ya fi ni iya riƙon homar kamun kifi, ya fi ni farin jini. Amma yana da irin ciwonka. Babanmu ya tara mu a ɗaki ya ce duk wanda ya fitar da maganar waje ba shi ba shi. Kar ka ga laifinsa da sauri. A lokacin, in aka san mutum yana faɗuwa, ba mai shiga jirgi da shi, ba mai sa hannu a akushi ɗaya da shi. Ana cewa yawunsa in ya taɓa ka ka ɗauka. Masunci kuma in ba shi da abokin jirgi, me zai ci? Saboda haka aka haɗa ni da shi, ni ne abokin jirginsa, ni ne mai tsaronsa. Na kuma san alamarsa. Kafin abin ya zo sai ya tsaya cak, ya ɗaga hanci, ya ce, "Wa ke ƙona tsumma?" Babu wuta, babu hayaƙi, shi kaɗai ke jin ƙaurin. Da na ji haka sai in yar da abin da ke hannuna in rungume shi.

Wata rana aka aike ni Gwandu da busasshen kifi. A ranar aka kira su, wato kamun kifi na gayya, a wani tafki bayan gari, ruwan ya janye, bai fi gwiwa ba. Garba ya ɗauki homarsa ya bi maza. Wanda ke kusa da shi ya ba ni labari daga baya, yana kuka. Ya ce Garba ya tsaya ya ce, "Wa ke ƙona tsumma?" Suka yi dariya, wani ya ce, "Kai Garba, a tsakiyar ruwa? Ko yunwa ce ta fara taɓa ka?" Suka ci gaba da bin kifi. Da suka waiwayo ba su gan shi ba, suka ce ya nutsa bin tarwaɗa ne, don ya saba. A ruwan da akuya za ta tsallake da ƙafarta aka ɗago shi.

Haliru, ka tsaya a nan ka sake karantawa. Maza ne kewaye da shi, majiya ƙarfi, masu sonsa. Ko wanne cikinsu zai iya ɗaga shi da hannu ɗaya. Babu wanda ya san ma'anar tambayar da ya yi, shi ke nan abin da ya rasa.

Shekaru suka wuce, aka haife ka. Kana ɗan yaro, ka fara bin ni jirgi kana kwashe mani ruwa da ƙoƙo, muna tsakiyar gulbi da hantsi, sai ka ɗaga kai ka ce, "Baba, wa ke ƙona tsumma?" Ban san lokacin da na saki filafilin tuƙi ba. Na cafe ka, ka sandare a hannuna, jirgi yana juyawa da mu. Ban taɓa gaya wa innarka cewa na san kalmomin tun kafin ka faɗe su ba.

A ranar ne, da muka kai gaɓa abin ya sake dawo maka, na tura maka cokali a baki don kar ka haɗiye harshenka, yadda na ga ana yi. Haƙorinka na gaba da ya ɓalle gefe, wanda kake rufewa da leɓe in za a ɗauke ka hoto, ba faɗuwa ta karya shi ba, cokalina ne. Sai daga baya likita ya ce mutum ba ya haɗiye harshensa, a kwantar da shi ta gefe kawai, a sa masa abu mai taushi a ƙarƙashin kai, a janye wuta da ƙarfe, kar a danne shi, kar a ɗura masa ruwa, a bar abin ya wuce. In ya ƙi wucewa ko ya sake dawowa, a yi asibiti. Ban ce na yi kuskure ba, na yi abin da na sani ne. Ladan yana dariya, wai ai shi ne kuskure. To ya rubuta abin da ya ga dama. Abin da nake so ka gane shi ne, mai sonka da bai sani ba, cokali zai ɗauko. Yara masu karatun likita ma, waɗanda yanzu suka shiga kamar kai, daga gidaje irin namu suka fito. In ba ka gaya masu abin da za su yi ba tun kana tsaye, ba ka da bakin gaya masu in kana ƙasa.

Bayan wannan na shiga nema. Babu inda ban taka ba tsakanin Dangoma da Malisa. Aka ba ni hayaƙi, aka ba ni saiwa, aka ce iskar ruwa ce ta bi jininmu. Abin da na fi yarda da shi shi ne na gidanmu, na masunta: fatar minjirya. Na kama ta da kaina, na feɗe, na shanya, aka ɗinke ta cikin laya na ɗaura maka a damtse. Tunaninmu shi ne, kifin da ke girgiza mutum shi zai kori abin da ke girgiza mutum. Ka yi shekaru da ita a hannu, kana faɗuwa da ita. Duk wanda ya ce asibiti sai in ce wannan ba ciwon asibiti ba ne.

Innarka ce ta karya ni. Wata safiya ka faɗi kusa da murhu, ta janye ka da ƙafa, zanenta ya kama wuta. Da ta kashe, ta zo ta tsaya a kaina ina gyaran taru, ta ce, "Malam, gobe zan kai yaron nan asibitin Sakkwato."

Na ce, "Da izinin wa?"

Ta ce, "Da naka, in ka bayar. In ba ka bayar ba, ka san gidanmu a Gwandu, ka aika da takardata can, zan biya in karɓa a kan hanyar dawowa."

Na ce, "Ke, Hajo, ni kike gaya wa haka?"

Ta ce, "Akwai wani mai taurin kai a gidan nan bayan kai? Kifinka ya yi iyakar ƙoƙarinsa, a bar shi ya huta."

Na bi ku, ba don na yarda ba, sai don kar a ce mace ta tafi da ɗana ina zaune.

Ka tuna ɗakin da aka manna maka wayoyi a kai kamar an yi maka kitso da igiya? Na'ura tana zana layuka, wasu a kwance kamar ruwan safe, can sai su tashi su yi tsini. Likitan ya sa yatsa a kan tsinin ya ce mani, "Baba, ka ga nan? Ƙwaƙwalwar kowa da lantarki take aiki, ɗan kaɗan, a tsare. Ta ɗanka, wani lokaci wutar takan tashi gaba ɗaya. Shi ne faɗuwar." Raina ya ɓaci. Na ce, "Likita, garinmu ko sandar lantarki ba a kafa ba, ta ina ya shiga kan ɗana? Lantarki a cikin nama? Ka ga furfura a kaina." Bai yi fushi ba, ya yi murmushi ya rubuta magani. Na fito ina cewa innarka an ci kuɗin motarmu a banza.

Ba a yi sati biyu ba na je duba gurar kama kifin da na kafa a bakin fadama. Na zura hannu ban duba ba, abin da ko yaro ba ya yi. Ashe minjirya ce a ciki. Ta sakar mani abin nata tun daga yatsu har kafaɗa. Ba shi ne karon farko ba, kowane masunci ya sha wannan. Amma ranar na dubi hannuna. Yatsuna sun dunƙule ban dunƙule su ba. Damtsena yana harbawa ban sa shi ba. Ina ce masa tsaya, bai san ni ba. Haliru, hannunka na gani a jikin hannuna, yadda yake yi in kana ƙasa.

Na zauna cikin jirgi har rana ta take. Ga kifi, nama ne da jini, Allah ya sa masa wuta a jiki, ba sanda ba waya. Tun ina yaro na san haka. Wutar kuma da ta shiga namana, namana ya amsa mata, wato da ma yarenta yake ji. Na ce wa likita ba a samun lantarki a nama, alhali fatar mai lantarkin tana ɗaure a damtsen ɗana da hannuna na ɗaura ta. Na dawo gida na ce wa innarka, "Ina maganin yaron nan, an ba shi na yau?" Ta dube ni ta ce, "Tun ranar da muka dawo ake ba shi. Wa ya tsaya jiranka?"

Sauran bayanin kai ka ba ni shi, lokacin da kake sakandare ka zo hutu, ina ɗinkin taru kana riƙe mani gefe. Bari in mayar maka, ka ji ko na riƙe, don ni abin da ya shiga kaina ba ya fita.

Ka ce cikin kai akwai 'yan zare-zare masu rai, sun fi zaren taru siranta nesa ba kusa ba, yawansu ya wuce lissafi, kowane yana da rassa. Ka ce in mutum zai ɗaga yatsa, ko zai tuna sunan wani, saƙo ne ke bin zaren da gudu, saƙon kuwa ɗan tartsatsin wuta ne, wanda ke tashi saboda wasu abubuwa dangin gishiri suna shiga suna fita ta 'yan ƙofofi a jikin zaren. Na tambaye ka ko zaren a ƙulle suke da juna kamar idon taru. Ka ce a'a, akwai ɗan rata tsakaninsu, in saƙo ya kai ƙarshen wannan sai ya saki wani ɗan ruwa ya ƙetare da shi zuwa wancan. Na ce, wato fito, fasinja ya zo gaɓa jirgi ya ƙetare da shi. Ka yi dariya ka ce haka ne. Ka ce kuma masu ƙetarewar iri biyu ne, wasu suna cewa tashi, wasu suna cewa dakata, lafiyar mutum ita ce kowane ɓangare ya yi aikinsa daidai. In masu cewa dakata suka yi rauni a wani wuri, sai na wurin su tashi tare, su tayar da maƙwabta, kamar kifi cikin taru in ɗaya ya firgita. Ka ce ƙaurin tsumman da kake ji, wutar ce ke fara tashi a kusa da inda ƙwaƙwalwa ke gane wari, kafin ta bazu. A ranar na tashi na shiga bayan gida na daɗe, ka ɗauka cikina ne. Garba nake tunawa. Ashe ba iska ce ke yi masa kirari ba, kansa ne ke ba shi sanarwa, yana kuma faɗa da ƙarfi kowa na ji.

To yanzu kai da ka koya mani wannan, kai ne za ka rage magani? Na tambaye ka a ranar me ƙwayar ke yi, ka ce tana taimakon masu cewa dakata, amma jiki yana wanke ta kullum, shi ya sa ake sha kullum. Ka san jirgina, tun kafin a haife ka yake yoyo ta gindi. Bai taɓa nutsewa ba. Ba don ya daina yoyo ba, sai don ba a taɓa fasa kwashe ruwan ba. In wani ya shiga ya ga cikinsa a bushe ya ce a yar da ƙoƙon, ba a buƙatarsa, me za ka kira shi? Daɗewar da ka yi ba ka faɗi ba, aikin ƙoƙon ne. Kai da bakinka ka ce wanda ya yanke maganin farat ɗaya, abin kan dawo masa fiye da da.

Ban ce barcin da yake sa ka ƙarya ba ne. Na sha ganinka da littafi a ƙirji ido a rufe. Amma kana garin da likitocin kai suke, wasu ma su za su koyar da kai. Ka je ka zauna gaban ɗaya a matsayin mara lafiya, ba ɗalibi ba, ka ce ga abin da nake sha, ga abin da yake yi mani. In sauya lokaci ne shi zai sauya, in sauya ƙwaya ne shi zai sauya, in ma ranar dainawa za ta zo, daga bakinsa za ta fito. Shekarar farko ta karatu ba ta mai da kai likitan kanka ba. Ni na yi wa ɗana likitanci shekara da shekaru, ka ga haƙorinka.

Kar kuma ka sayar da barcinka don jarrabawa. Kai ka ce mani rashin barci yana cikin abin da ke tayar da wutar. Innarka ma ta lura tun kafin ka karanta, duk faɗuwarka mai tsanani ta biyo bayan hidimar biki ko kwanan gona. Wanda ya faɗi jarrabawa yana sake ta. An ce mani gadajen makaranta hawa biyu ne, ka roƙi na ƙasa. In za ka yi wanka kar ka sa sakata. Kar ka tsuguna kan risho kai kaɗai a ɗaki. Babur kuma a ɗauke ka, kar ka ɗauki kanka. Na san kana jin waɗannan kamar ana mai da kai yaro. Ni da na haura saba'in har yau ba na shiga ruwa mai zurfi ban gaya wa wani inda na nufa ba.

In Allah ya kai ka ka gama, za a riƙa kawo maka irinmu. Za a kawo wanda ɓarin jikinsa ya shanye ana cewa aljani ya mare shi, da tsohuwar da ta manta sunan 'ya'yanta ana cewa an yi mata asiri, da yaro mai laya a damtse. Bayansu kuma akwai wani tsoho mai taurin kai da zai ce maka wannan ba ciwon asibiti ba ne. Kar ka yi masa dariya, kar ka tsinke layar a gabansa. Tsoro ne ya ɗaura ta, da so. Ka tambaye shi sana'arsa, ka nemo masa minjiryarsa a ciki. Likitanka bai san ni masunci ne ba, da ya sani da ya rage mani sati biyun nan. Addu'a kuma ban bari ba ko kwana ɗaya, kai ma kar ka bari. Wanda ya sa wutar a kai shi ya sanar da mutane maganinta.

Saura maganar da ta fi yi mani nauyi. Ranar da na cire ka daga jirgi na kai ka makarantar Ladan, mutane suka ce na raina sana'ar gidanmu. Na bar su a haka, don gara su ce na raina su da su san dalili. Na zaunar da kai kamar yadda babanmu ya zaunar da mu, na ce kar ka gaya wa kowa, ko malami ko aboki. Na ga abin da shiru ya yi wa Garba da idona, na kuma ɗauki shirun nan na miƙa maka. Ina ganin tunda na raba ka da ruwa, na gama. Har zuwa ranar tasha ina taƙama a raina cewa na rufa maka asiri, ka yi firamare ka gama, kana bin hanyar makaranta kai da kanka, ba wanda ya sani, ba abin da ya same ka.

Ladan ya aje biro. Ya ce ba zai rubuta wannan ba, wai ƙarya ce. Mun yi ta yi, na ce to ya rubuta abin da ya faɗa mani yanzu, yadda ya faɗe shi, kar ya rage.

Ya ce, "Kai dai tsohon banza ne, Mamman. Wane asiri? Yaron nan bai yi wata biyu a makarantata ba ya faɗi bayan aji, ni na riƙe kansa a cinyata. Da ya farfaɗo ya kama rigata yana kuka, wai kar in gaya maka an gani, za ka yi fushi. A ranar na tara malamai na gaya masu abin da za su yi da abin da ba za su yi ba. Kana tsammanin don me ajinsu kaɗai aka hana zuwa ɗebo ruwa a rijiya? Don me kullum 'ya'yan Hassi mai ƙosai ke biyo masa, su zagaya da shi ta bayan masallaci maimakon hanyar bakin tafki? Kana tsammanin son tafiya ne? Uwarsu ce ta sa su, ni na roƙe ta. Rabin garin nan sun sani. Kai kaɗai muka ɓoye wa cewa mun sani, don mun san halinka."

Na ce, "Shekara nawa kana kallona ina ɓoyo?"

Ya ce, "Ina jin daɗin kallon ne. Ba kullum ake samun taubashi ya mai da kansa abin dariya kyauta ba."

Na zage shi, ya rama. Na aika aka tambayi innarka ko ta san da wannan. Ta aiko cewa ita ta fara zuwa wurin Hassi.

Kai ka san ranar bayan aji, amma na tabbata ba ka san maganar hanya da rijiya ba, kamar yadda ban sani ba sai yau. Ka taso kana ganin ɓoyo ne ya kai ka inda kake, shi ya sa kake so ka tafi da shi Zariya. Ni ma haka na ɗauka har zuwa hantsin nan. Ashe kana tafe ne cikin mutanen da suka san ma'anar tambayarka. Ba wanda ya guje ka, ba wanda ya ƙi cin abinci da kai, ƙosai ma har gyara ake yi maka. A Diggi an yi maka wannan ba ka roƙa ba. A can ba Ladan, ba Hassi, ba innarka. Kana cikin maza majiya ƙarfi da za su so ka, a ruwa iya gwiwa.

Na janye maganar da na yi maka kana yaro. Ladan, rubuta da kyau, ba zan sake faɗa ba: na janye ta.

Ban ce ka hau mumbari ka yi shela ba. Ka dubi wanda kuke kwana ɗaki ɗaya, ka zaunar da shi da rana tsaka kana cikin lafiyarka, ka ce masa, "In ka ji na ce wa ke ƙona tsumma, ka kama ni ka kwantar ta gefe, kar ka sa mani komai a baki." In ya canza maka fuska, ka nemi wani ɗakin, ka gaya wa na can. Wani zai guje ka, ban ɓoye maka ba. Wanda ya tsaya shi ne abokin jirginka.

Ba na son amsa mai tsawo. Ka kira wayar Ladan ka faɗa masa suna ɗaya, sunan wanda ka gaya wa, da garinsu. Ina so in riƙa sa shi a addu'a bayan kowace salla, tare da kai da Garba. Har sai sunan nan ya iso, kullum zan zo in zauna wa wannan tsoho a gindin dogonyaronsa, ka kuwa san ba ma jimawa ba mu yi faɗa ba. In kana tausayinsa ka hanzarta.

Allah ya tsare ka daga ruwa da wuta da tudu, ya kwantar da abin da ke cikin kanka, ya buɗe maka abin da ka je nema. Allah ya haɗa ka da wanda zai riƙe ka in ka tafi ƙasa, ya sa kai ma ka riƙe na wasu. Allah ya yi maka albarka.

Ni ne mahaifinka,
Mamman, Diggi.